Lissafin Dala Ya Rufe Mini Kanti

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Shinkafa nike saidawa a Dogon Dutsi. Bana na sallami kwantabul mai yi mini lissafin haraji, na ce ladarsa ta yi yawa, na sa manhaja a waya. Ni da ba a cuta a ciniki! Ashe ita da sefa take ƙirga, ni kuwa da dala na saba, kamar kowa a kasuwa; a nan dala guda sefa biyar ce. Cinikin sefa ɗari biyar sai in rubuta ɗari. Masu haraji suka ce na ɓoye ciniki, suka garƙame kantina. Na koma wurin kwantabul, ya ce, "Alhaji, tahi wayarka ta buɗe maka." Jama'a, da kantin nan iyalina ke cin tuwo. Wa zai raka ni in ba shi haƙuri?