Ya kayar da ɓarawo, sai ya miƙa masa hannu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri. Ni ce Hajara daga Burumburum.

Maigidana ya daɗe yana dambe kafin ya koma noman rani a bakin ruwan Tiga. Ranar Laraba bayan la'asar ya tarar da wani yana kwance masa injin ban ruwa. Naushi ɗaya ya yi masa, mutumin ya zube. To, a dambe idan abokin karawarka ya taɓa ƙasa an gama, ba a ƙara masa. Sai maigida ya sunkuya ya miƙa hannu zai ɗaga shi. Shi kuwa bawan Allah, Allah Ya shirye shi, ya zaro lauje ya yanke shi a damtse, ya gudu.

An ɗinke hannun, alhamdu lillahi, yana warkewa. Amma abokansa sun sa shi gaba da tsiya, wai "Sarkin dambe, gaisawa ka je yi?" Ya daina zama majalisa. Jiya ina zuba masa ruwan alwala ya ce, "Hajara, ashe wasa kawai na koya."

Kunya ta hana ni amsawa. Malamai da masu sauraro, don Allah ku ba ni shawarar yadda zan mayar da shi cikin jama'a.

Kai kuma maigida, na san kana ji. Gaskiya damben bai kare maka hannu ba. Amma da ka ƙara masa yana kwance, da ni ce zan kasa shiga mutane.