Battar Kakana Ta Kama Ni

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari. Daga Birnin Damagaram na rubuto, da ajami, a yi haƙuri da hannuna.

Ni ne mai tsokanar kakana a gidanmu. Tsohon yana cin taba gari da kanwa. Sai in sace battarsa, in dumbuza a baki, in riƙa kwaikwayon tafiyarsa da tofinsa, abokaina suna dariya. Farko amai nake yi. Da tafiya ta yi tafiya na daina amai, sai daɗi.

Yanzu in ban sa ba, kaina ya yi ta sarawa, ko allura ba na iya zurawa a rumfar dukanci. Lokotoro, wato likita, ya ce ƙwaƙwalwata ce ta saba, kullum ƙari take nema. Na jefa tawa battar a rijiya, kafin la'asar ina leƙen rijiyar.

Tsohon kuwa ya samu abin yi. Ya danne tasa ƙarƙashin cinya, ya ce, "Ja'iri, kwaikwaye ni mana, in gani ko a sam maka!"

Gari na murnar 'yancin kai, ni batta ke mulkina. Ga azumi ya ƙarato, ban san yadda zan kai magariba ba. Jama'a, wanda ya taɓa rabuwa da ita ya ba ni shawara.

Ina gaida kakana, na san yana saurare. Tsoho, ka ci nasara. Sam mini ko ɗan mitsitsi.