Takin Gwamnati da Ƙanin Mijina

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Ladi daga Sheda.

Bana gwamnati ta raba takin zamani na tallafi, amma sai magidanta. Mijina ya rasu bara, sai ƙaninsa Audu ya karɓe buhunmu. Da na bi shi, ya ce, "Matar yaya, kashin awaki ya ishe ki."

Ya tula takin zamanin a gindin dawa kamar takin shanu, gonarsa ta ƙone ƙurmus. Tawa kuwa, da na zuba mata kashin awakin, ta cika rumbu.

Jiya ya aiko 'ya'yansa da ƙwarya. Na ciyar da su suka ƙoshi, na mayar masa da ƙwaryar wayam. Masu sauraro, na yi laifi?

Audu, na san kana saurare. Ina gaisuwa, yaya yunwa?