'Yar MP Ɗin Inna

A tashar Gaya, muna jiran motar Ajingi ta cika. Wata dattijuwa tana ta danna 'yar MP, tana kunnuwa tana mutuwa. Mutumin da ke gefenta, buhun taki a gabansa, ya kasa haƙuri.

"Inna, kawo in gani. Tun yaushe take haka?"

"Tun damina. Sai ta ɗauko karatu, ta ɗauke, ta koma farko."

"Batir ne. Dubi yadda bayanta ya kumbura. A rana kike ajiye ta?"

"A kan buhu, in muna tsinkar gyaɗa."

"To kin dafa ta, Inna. Sabuwa za ki saya, ai sun yi araha."

"Ba a sayar da irinta. Marigayi Malam mai gidana ne a ciki, karatun da yake yi da azumi a masallacinmu na Toranke."

"Allah ya jiƙansa. A memori yake?"

"Ba ta da memori. A cikinta ya ɗauka."

"To a canza batir kawai. Duk wanda ya ce zai yi mata filashin, wato ya wanke ta, ki ƙwace abinki, komai zai goge."

Ta dubi 'yar MP ɗin a hannunsa.

"Daga wurin mai gyara nake. Ya ce wanke ta zai yi, na ce Allah ya yi albarka."

Mutumin ya danna. Ta kawo haske, babu murya, ta mutu.

"Ciwon yana nan ashe," in ji ta. "Malam ɗin kawai aka cire."