Iya Na So a Rage Haske

Bayan la'asar, wata dattijuwa ta tsaya a rumfar Taufiƙ mai gyaran salula a Banikanni, ta miƙa masa wayarta.

"Ɗana, rage mini hasken nan. A ciki nake karanta addu'o'ina in na kwanta."

Ya rage har ƙarshe, ya kare ta da hularsa don ta leƙa. "Iya, iyakarsa ke nan. In ya wuce haka, ko harafi ba za ki gani ba."

"Ya yi yawa har yanzu. Da ya haska gefen Malam maigidana, sai ya juya ya yi tsaki."

Taufiƙ ya yi dariya. "To ki ba shi haƙuri, ko ki koma falo."

"Na koma, ya biyo ni." Ta sassauta murya. "Tun kafin azumi fa aka binne shi a Djougou."

Dariyar ta maƙale masa. Ya dubi fuskarta, babu alamar wasa.

"Iya, ki kashe ta gaba ɗaya mana."

"Na gwada, ɗana. In duhu ya cika, shi yake ɗaukar karatun daga inda na tsaya."