Yatsuna Biyu da Allon Shantiye

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ni ne Ide daga Dumega.

Na yi aikin shimfiɗa bututun mai. A ƙofar shantiyenmu, wato wurin aikin, akwai allon ƙirga kwanakin da aka yi ba hatsari. Ranar da bututu ya datse mini yatsu biyu, jami'in kiyaye hatsari, ɗan ƙanen babana, ya iske ni gidan likita. Ya ce, "Yaya, ka ce daga moto ka faɗi, kada allonmu ya koma sifili. Ni zan tsaya maka."

Na yarda, na ce daga moto, wato babur, na faɗi. Da na warke, aka ce ciwon ba na aiki ba ne, aka sallame ni. Shi aka ƙara mashi girma.

Damina ta zo, hauya ta gagare ni riƙewa. Jama'a, in kai ƙara, ko in yi shiru don zumunci?