Baƙon Hawa na Tara

Mai girma shugaban wannan taro, Baba Vusumuzi Cebekhulu. Kyaftin Ruggiero, wanda ya shekara takwas yana fita da mu lafiya yana dawo da mu lafiya. Manyan jami'an jirginmu Nkwazi. Malaman da suka horar mana da waɗannan matasa. Iyaye maza da iyaye mata da suka taso daga Umlazi da KwaMashu da Chatsworth, har da waɗanda suka yi sammako tun daga Nongoma. Sababbin ma'aikatanmu su sittin da huɗu, da nake hangowa cikin fararen riguna waɗanda ko miya ba ta taɓa ɗiga musu ba tukuna. Abokan aikina na sama da na ƙasa. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da hantsi.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana buɗe wannan kakar tafiye-tafiye. Ina godiya ga shugabannina da suka ce kafin in miƙa makullai in sauka, sai na tsaya a kan wannan dandamali na yi magana. Ina kuma godiya gare ku iyaye, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya haifi ɗa a kan tudu ya miƙa shi ga teku.

Sunana Thokozile Mthiyane. Shekarata goma sha tara a cikin wannan jirgi. Da gyaran gado na fara, yau kuma zan yi ritaya ina shugabar sashen kula da baƙi. Ɗazu a bakin matakala wata uwa ta riƙe min hannu ta ce, "Mama, yanzu duk karatun da 'yata ta yi, wankin bayin mutane za ta yi a tsakiyar ruwa?" Na ce mata, "Za ta wanke, 'yar'uwa. Ni ma na wanke, kuma ga hannun nan kin riƙe, bai rage komai ba." Amma aikin ya wuce nan, kuma abubuwa uku ne ginshiƙinsa.

Na farko, masauki. Hawa goma sha shida ne a jirgin nan, ɗakuna dubu ɗaya da ɗari uku. Akwai mai 'yar taga, akwai mai baranda inda baƙo zai zauna da shayinsa yana kallon kifaye suna tsere da jirgi, akwai na can ƙololuwa mai falo biyu, wanda ya fi gidan da aka haife ni girma. Ruwan wanka daga tekun nan ake jawo shi, injuna su raba shi da gishiri, ya fito garau. Jirgi na keta igiyar ruwa kamar tsauni, amma kofin da ke kan tebur ba ya zubar da ko ɗigo. Duk wanda ya ga wannan bai yaba ba, to hassada ce ke damunsa. Sai dai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ni da kunya na koyi wannan karatu.

Ina wata na biyu da fara aiki, ba a ma tabbatar da ni ba, aka ba ni takarda: ɗaki kaza a hawa na tara, miji da mata, cikar shekara hamsin da aure. Na zage damtse. Na naɗe tawul biyu suka zama tsuntsaye baki da baki, na barbaɗa jajayen furanni a kan gado, na jingina katin taya murna. Bayan jirgi ya tashi na je na ƙwanƙwasa don in sha yabo. Sai na tarar da dattijo ɗaya tak a kan kujera, cikin kwat, hularsa a gwiwa, jakarsa ko buɗewa bai yi ba. Baba Mfeka ke nan, tsohon direban bas daga Lamontville.

Na ce, "Baba, sannu da zuwa. Mama ta fita kallon jirgi ne?"

Ya dube ni ya ce, "'Yata, MaDlomo ta riga ni shiga wani jirgin. Yau sati shida da muka binne ta."

Ashe 'ya'yansu ne suka shirya musu tafiyar tun shekara guda kafin nan. Da aka yi rasuwa suka matsa masa ya je ya sha iska, babu wanda ya tuna ya gyara takarda. Jama'a, na so tekun nan ta tsage ta haɗiye ni. Na hau tattara furanni cikin rigata. Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Takarda kika bi. Ni ma shekara talatin ina bin takarda, in ta ce tsaya a tasha kaza sai in tsaya, ko da akuya ce kaɗai ke wurin."

Ku sababbi, ku riƙe wannan: takarda tana gaya muku wanda aka ce zai zo, ido ne ke gaya muku wanda ya zo.

Na biyu, abinci. Gidajen abinci tara gare mu, masu dafuwa kusan ɗari biyu. Kafin baƙo ya buɗe ido an gasa burodi iri goma sha biyu. Ga kifi, ga gasasshen nama, ga miyar kari mai sa mutumin Durban gumi yana neman ƙari, ga taliyar mutanen Kyaftin. Musulmi na da tukunyarsa daban, wanda ba ya cin nama na da tasa, wanda gyaɗa ke kumbura shi an rubuta sunansa a bango tun kafin ya hau. Mutum dubu uku suna ci sau uku a rana a tsakiyar ruwa, babu kasuwa a gabas, babu kanti a yamma, kuma ba a taɓa cewa gishiri ya ƙare ba. In wannan ba gwaninta ba ce, ku gaya min sunanta.

Amma duk gidajen nan tara, Baba Mfeka bai taka ko ɗaya ba. In kai masa tire, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ga shi da ciwon suga. Likitar jirgi ta duba shi ta ce min, "In bai ci komai ba zuwa gobe da rana, a Maputo za mu sauke shi, asibiti." Ku duba fa: tsoho mai makoki, a gadon asibitin ƙasar da ba ya jin yarenta, ba ɗa ba jika.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don Allah me za ka iya ci?"

Ya ce, "Shekara hamsin hannu ɗaya ke ba ni abinci. Bakina bai san wani ba."

Na ce, "To ranar da zafi ya yi zafi, me take ba ka?"

Ya ce, "Phuthu, tuwon masaran nan namu mai warwar, da nono mai tsami."

Yanzu fa akwai wani jan layi a ƙofar babban kicin, wanda mai gyaran ɗaki ba ta tsallakawa. Na tsallaka. Babban kuku a lokacin shi ne babban kuku a yau, Devan Moonsamy, ga shi can a layi na biyu yana sunkuyar da kai, ya san abin da zan faɗa. Ya daka min tsawa: "Ke kuma daga ina? Wa ya ba ki izinin taka min kicin da takalmin shara?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Mutum dubu uku na jiran abincin rana, ke kin zo min da tuwon tsoho ɗaya! Zan kai ƙararki, ki sauka a Durban da jakarki a ka!"

Ban san inda na samo bakin ba. Na ce, "Kawu, dubu ukun nan ko ka faɗi ka mutu yanzu za su ci abinci. Wannan ɗayan, in ba kai ba babu."

Na ce a raina shi ke nan, na kori kaina. Sai na ga ya ture mataimakinsa daga kan murhu, ya aika a ɗebo garin masara daga kicin ɗin ma'aikata. Ya tsaya da kansa yana juya shi da cokali mai yatsu har ya yi warwar. Nono irin namu babu a jirgi, sai ya haɗa yogot da madara ya matsa lemon tsami. Sannan mutumin da ko Kyaftin ba ya kai wa abinci ya ɗauki tire ya hau har hawa na tara.

Baba Mfeka ya ɗebi cokali ɗaya. Ya tauna. Ya ce, "Wa ya yi nonon nan?"

Moonsamy ya ce, "Ni ne, Baba."

"Saniyar da ka tatsa, a kanti aka haife ta."

"Haka ne, Baba. Phuthun fa?"

Tsoho ya sake kai cokali. "Wannan kam ba a makaranta ka koya ba."

"Maƙwabciyar uwata ce ta koya min, da duka."

"Allah ya ji ƙan hannun da ya dake ka," in ji Baba Mfeka, ya kuma cinye kwanon tas.

Kada ku ɗauka an yafe min. Moonsamy mutum ne mai cika alkawari: ya kai ƙarata a rubuce, aka ja min kunne a rubuce. Sai dai a ƙasan takardar ya ƙara layi ɗaya da hannunsa: "Kada a sallame ta." Yau ne karo na farko da nake gode masa a gaban mutane. Kawu, na gode.

Na uku, nishaɗi. Wannan zauren da kuke zaune yana cin mutum dubu. Dandamalin da nake tsaye a kai yana juyawa, yana nutsewa, yana tasowa da makaɗa a kansa. A sama akwai wuraren ninkaya uku, akwai majigi, akwai masu barkwanci, akwai masu wasa a kan igiya da sai ka rufe ido ɗaya kake kallonsu. Wasu na cewa wannan sashen 'yan wasa ne kawai. Ku saurara.

A rana ta huɗu na lallaɓa Baba Mfeka ya hau shan shayin ƙarfe huɗu, inda makaɗa ke kiɗan rawar nan ta mace da namiji riƙe da juna. Masu rawarmu a lokacin Palesa ce da abokin rawarta Brendon, mutumin Cape Town mai bakin tsiya. Palesa ta zo ta miƙa wa tsoho hannu. Ya ce, "A'a, 'yata. Ƙafafuna suna maƙabarta." Ta koma suka ci gaba. Sai na ji yana tsaki. Ya sake tsaki. Can ya kasa haƙuri ya ɗaga murya: "Kai! Mace ka riƙe ko buhun dankali? Ɗaga gwiwar hannunka!"

Brendon ya tsaya ya ce, "Baba, baki kowa na da shi. Taso mu gani."

Tsoho ya ajiye kofi. Ya miƙe ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa. Ashe shi da MaDlomo sun yi shekara ashirin suna lashe kofunan rawa a zaurukan unguwanni, daga Lamontville har Soweto. Ya karɓi hannun Palesa, bayansa a miƙe kamar sanda, ya zagaya da ita filin nan tamkar ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba, bai kuma ɓata taku ko ɗaya ba. Da kiɗa ya tsaya babu wanda ya rage a zaune. Brendon ya ce, "Baba, na tuba." Ya ce masa, "Tuba ba ta gyara gwiwar hannu. Gobe ƙarfe goma ka same ni nan." Washegari ba Brendon kaɗai ya zo ba, mata arba'in ne suka yi layi.

Ranar da muka dawo Durban na rako shi da jakarsa. A bakin matakala ya buɗe ta ya nuna min wasu takalman rawa na mata, ruwan azurfa, duga-dugansu sun cinye. Ya ce, "Ban gaya wa 'ya'yana ba. Na yarda na zo ne don in jefa waɗannan a teku, kuma wallahi ban tabbata ni ma ba zan bi su ba. Yanzu akwai wata yarinya a layinmu da ke rawa ba takalmi. Ina jin za su yi mata." Ya sauka. Ya shekara shida yana koyar da rawa a zauren unguwarsu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ya ku matasa, baƙi dubu uku za su hau gobe, kowa da jakar da ba ku san abin da ke cikinta ba. Allah ya ba ku idon gani da kunnen ji. Allah ya ba ku haƙurin tsayuwa da ƙarfin gwiwar magana a inda ta wajaba. Iyaye, Allah ya sanyaya zukatanku, ya dawo muku da su da mutuncinsu. Allah ya kwantar wa Kyaftin da teku, ya tsare na cikin injin da na kan bene, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.